Yadda Manomi Zai Bi da Dokokin Gwamnati Don Ƙasar Gonarsa Ta Yi Ƙarfi

Jigawar da ta gaji tana buƙatar damina uku ko fiye na takin gida, kara da inuwar itace kafin ta dawo hayyacinta. Babu mai ɗaukar wannan wahala a gonar da bai san ko baɗi tana hannunsa ba. Shi ya sa dokar da ta fi taɓa lafiyar ƙasa ita ce ta riƙon gona da mallakar itace. Tallafin takin zamani, da aka fi surutu a kansa, a baya yake zuwa.

Fara da riƙon gonar

A Najeriya, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna amana. A karkara, ƙaramar hukuma ce ke ba da takardar riƙo ta gargajiya, har hekta 500 don noma da 5,000 don kiwo. Idan gwamnati ta karɓi fili don aikin jama'a, diyyar tana bin abin da ido ke gani ne a kansa: gini, shuka, itatuwa masu amfani. Amalanken taki da ka yi shekaru kana zubawa ba ya fitowa a lissafin. Don haka ka ƙidaya ɗorawa, kaɗanya, kuka da mangwaron da ke gonarka, ka ɗauki hotonsu, ka ajiye tare da takardar gado ko ta saye.

Ɓarnar da ta fi yawa tana cikin aro, haya da jingina. Mai haya ya zuba taki, gona ta yi kyau, mai ita ya karɓe abinsa da damina ta gaba. Wanda aka taɓa yi wa haka ba ya sake kawo taki. Yuriya zai watsa, ya kwashe kara da harawa ƙarƙaf, ya bar ƙasa tsirara, don ya san kayan aro ba ya rufe katara. Maganin shi ne a rubuta yarjejeniya gaban mai unguwa ko dagaci da shaidu biyu, a faɗi abu huɗu a fili: wa'adin da bai gaza damina uku ba, yawan karan da za a bari a gona, wanda ke da ikon reshe da 'ya'yan itace, da kuɗin da mai gona zai biya kan kowane amalanken taki idan ya karɓe kafin wa'adi. A Nijar hanyar ta fi sauƙi. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye da ake kira Kofo, har matakin ƙauye ƙarƙashin maigari, kuma suna ba da takardar saye, kyauta, aro, haya da jingina. A nemi takardar tun kafin a zuba taki.

Itacen gona na wane ne?

Nan ne ake ganin ƙarfin doka ƙarara. Dokar gandun daji ta Nijar ta 1974 ta sa gawo da wasu itatuwa cikin waɗanda ba a taɓawa sai da izini, ko da a gonarka suka tsiro. Niyyar kare itace ce, amma ma'aikatan daji suna cin tarar mutum a kan reshe, sai manoma suka koma tumɓuke tsiro tun yana ƙarami don kada ya girma ya jawo musu magana. Gonaki suka zama fili fetal, iskar farkon damina tana binne gero da rairayi, a yi ta sake shuka.

Daga tsakiyar shekarun 1980, lokacin da Tony Rinaudo, wani masanin aikin gona ɗan Ostiraliya, da manoman Maradi suka fara yaɗa sassaben zamani, wato rainon tohon kututture a gona maimakon sare shi, kuma riƙon ma'aikatan daji ya yi sako-sako, mutane suka fara ɗaukar itacen gona a matsayin nasu. An ƙiyasta cewa hekta miliyan 5 sun farfaɗo da itatuwa kusan miliyan 200, galibi a yankunan Maradi da Damagaram. Dokar daji ta 2004 da kuma umarnin gwamnati na 2020 kan sassaben zamani sun ƙara tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan abin da ya raina.

Aikin kansa haka yake. Lokacin sharar gona, kada ka sare duk tohon da ke fitowa daga kututturen kalgo, sabara, magarya ko gawo. A kowane kututture zaɓi rassa uku zuwa biyar mafi miƙewa, ka cire sauran da gatari mai kaifi, kana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya tsage ruɓa ta shiga. Ka aske ƙananan rassa har rabin tsayin kowane reshe. In ka wuce haka, iska ko akuya za su karya shi. Fara da kututture kamar 40 a hekta, ka riƙa komawa bayan 'yan watanni. Gawo ya fi kowanne daraja: yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa shuka rana, saiwarsa tana ƙara wa ƙasa sinadarin naitirojin, dabbobi kuma suna kwanciya a inuwarsa da rani su bar kashi. A Najeriya dokar daji ta jiha ce, kuma ta bambanta. Ka je sashen gandun daji na ƙaramar hukuma ka tambayi itatuwan da ke buƙatar izini, ƙungiyarku ta manoma ta nemi a rubuta mata cewa askin reshe a gona ba laifi ba ne.

Takin tallafi

Taron Abuja na 2006 ya sa wa Afirka burin kilo 50 na sinadaran taki a kowace hekta. Shirin takin shugaban ƙasar Najeriya da aka fara a ƙarshen 2016 ya kawo kamfa mai lamba 20:10:10 a kan naira 5,500 buhu. Ya taimaka, amma haɗi ɗaya ba zai dace da kowace ƙasa da kowace shuka ba. Gyaɗa, wake da waken soya sun fi buƙatar sufa, don fosforas suke nema. Yawan yuriya shekara da shekaru ba takin gida yana tsamar da ƙasa, kuma idan awon tsami ya sauka ƙasa da 5.5, fosforas ɗin da ka saya yana maƙalewa, saiwa ba ta samunsa. Daga nan ake jin manomi yana cewa taki ya daina ci.

Kafin ka karɓi kowane buhu, gwada ƙasar. Ɗebi daga wuri 15 zuwa 20 a karkace cikin gona, zurfin santimita 20, ban da gindin itace, juji da suri. Gauraya a bokitin roba, shanya a inuwa, ka kai rabin kilo ɗakin gwaji na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ko Jami'ar Bayero, ko cibiyar binciken noma ta INRAN a Nijar. Manoma goma za su iya haɗa kuɗin mota.

Dokar ingancin taki ta Najeriya ta 2019 ta wajabta wa masu haɗawa da masu sayarwa rajista, da rubuta abin da ke cikin buhu a jikinsa. Yi amfani da ita: auna buhu ya cika kilo 50, karɓi rasit, zuba tafin hannu na yuriya a kofin ruwa. Mai kyau tana narkewa tas. In yashi ya kwanta, ajiye buhun da rasit ɗin ka kai wa malamin gona. Idan kamfan tallafi ya iso bayan masara ta kai gwiwa, kada ka watsa shi a sama, don fosforas ba ya nutsewa da kansa. Ɗora shi kan katako a ɗaki busasshe zuwa baɗi. Yuriya kuwa a binne ta a ƙasa mai danshi, yatsu uku daga gindin shuka. Wadda aka bari a fili iska ce ke shanye ta. Mai ƙaramin ƙarfi ya bi hanyar da aka gwada a tashar binciken noma ta Sadore a Nijar: giram 6 na kamfa 15:15:15 a kowane ramin gero, kimanin cikin murfin kwalbar lemo, wato kilo 60 a hekta mai rami 10,000. Sai dai in ba a mayar da kara da taki ba, wannan hanyar ma tatsar ƙasa take yi.

Wuta, dabbobi da tifa

Ƙa'idar 2011 ta NESREA, hukumar kula da dokokin muhalli ta Najeriya, ta hana cinna wa daji wuta ba izini. Ko babu mai kama ka, ƙuna tana tura naitirojin da abincin gara da tsutsotsin ƙasa cikin hayaƙi. Tan 2 na karan gero a shimfiɗe a hekta yana rage kwasar ƙasa da iska ke yi sosai, kuma kwantar da karan dawa a rana yana kashe tsutsar da ke ciki.

A Nijar hukuma ce ke sa ranar sakin gonaki ga dabbobi. Inda aka mutunta ranar, aka bar burtali a buɗe, shanu na cin kara su bar kashi. Inda aka nome burtali, rigima kan hana makiyayi zuwa, takin ya tafi da shi. Ku shirya da ardo tun kaka kan dararen da garke zai kwana a gona, a riƙa matsar da makwancin bayan 'yan kwanaki don kada kashin ya taru wuri ɗaya.

Masu tifa da masu bulo da ke sayen ƙasar saman gona suna kwashe santimita 20 ɗin da kusan duk ƙarfin gonar ke ciki, su bar fako. Hana wannan ma a sa shi cikin takardar haya, in kuma a filin gari ake haƙa, dagaci ya kai ƙara sashen muhalli na ƙaramar hukuma a rubuce kafin ruwan farko ya mayar da ramin kwazazzabo.