Yadda za ka ɗauki hoton tsohon sojan ruwa da ya ga gwajin nukiliya

Tsakanin 1957 da 1958 Birtaniya ta gwada bama-baman nukiliya a tsibiran Malden da Kirsimeti, cikin tekun Fasifik. Samarin sojojin ruwan da suka tsaya a kan jirage a lokacin yanzu sun haura shekara 80, kuma sai a Nuwamba 2022 gwamnati ta sanar da ba su lambar girma. Sun cancanci hoto mai mutunci.

1. Nemi izininsa da na iyalinsa, ka faɗa musu inda hoton zai je.

2. Ajiye kyamara tukuna, ku yi hira. Nan ne aikin yake. A ranar gwajin an umarci sojojin su juya baya, su rufe idanu da hannu, kuma da yawansu na cewa hasken ya nuna musu ƙasusuwan yatsunsu. Idan ya zo nan ya yi shiru, kada ka katse shi. Wasu sun daɗe suna fama da ciwon daji, suna danganta shi da wannan rana.

3. Zaunar da shi kusa da taga da hantsi. Kashe fitilar kyamara. Mutumin da ya ga wancan haske, a ganina bai kamata a walƙa masa wani a fuska ba.

4. Ya riƙe lambarsa ko hotonsa na ƙuruciya cikin kaki. Matso ka ɗauki hannuwansa kaɗai, da jijiyoyinsu da rawar da suke yi.

5. Rubuta sunansa, jirginsa da shekarar gwajin yadda ya faɗa.

6. Wanke hoton, ka kai masa da hannunka.