Yadda Sabon Shiga Zai Fara Amfani da Dandalin X da Ire-irensa

Dandalin gajerun saƙonni kafa ce ta sadarwa da mutum ke wallafa 'yan kalmomi a bainar jama'a, duk wanda ya ga dama ya karanta, ya ba da amsa, ko ya yaɗa su gaba. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne X, wanda duniya ta sani da sunan Twitter tun daga kafuwarsa a Amurka a 2006 har zuwa watan Yulin 2023, lokacin da Elon Musk, wanda ya saye shi a watan Oktoban 2022 a kan dala biliyan 44, ya sauya masa suna. A kansa wannan bayani zai fi karkata, amma yawancin abin da za a faɗa ya shafi Threads da Bluesky da Mastodon ma, domin tsarinsu kusan ɗaya ne.

Abu na farko da ke rikita wanda ya saba da Facebook shi ne, a nan babu neman abota. Idan ka ga shafin da ya burge ka, sai ka bi shi kawai, saƙonninsa su riƙa zuwa maka, ba tare da ka nemi izinin mai shi ba, kuma ba lallai ne shi ma ya bi ka ba. Haka kuma duk abin da ka rubuta a buɗe yake ga kowa, har da wanda bai san ka ba kuma ba ya bin ka, sai dai idan ka kulle shafinka da kanka. Wanda ya fahimci waɗannan abubuwa biyu ya fahimci rabin al'amarin, domin kusan duk amfanin dandalin da duk haɗarinsa daga nan suke fitowa.

Buɗe shafi ba shi da wahala. Ka sauke manhajar a wayarka ko ka shiga ta intanet a kwamfuta, ka ba da suna da ranar haihuwa da adireshin imel ko lambar waya, sai a turo maka lambobin tabbatarwa ka shigar. Ƙa'idar dandalin ita ce mai shafi ya kai shekara 13. Inda ya kamata ka tsaya ka yi tunani shi ne wajen zaɓen suna, domin sunaye biyu ne. Akwai sunan da ke bayyana a saman shafi, wanda mutane da yawa za su iya yin tarayya a kansa, akwai kuma wanda ke farawa da alamar @, wanda naka ne kai kaɗai, da shi ake kiran ka a cikin saƙo, da shi kuma ake neman ka. Wannan na biyun ba ya wuce harafi 15, kuma ba ya karɓar komai sai haruffa da lambobi da ɗan layin nan na ƙasa (_). Idan ka bar manhajar ta zaɓa maka, sau da yawa za ta ba ka sunanka haɗe da jerin lambobi masu tsawo, irin wanda mutane ke ɗauka na shafin bogi ne, saboda haka gara ka zaɓi gajere mai sauƙin faɗi da baki. Bayan nan sai ka sa hoto, ka rubuta taƙaitaccen bayanin kanka a gurbin da aka tanada mai ɗaukar harafi 160. Ka faɗi abin da kake yi ko abin da kake sha'awa, amma ka bar adireshin gida da lambar waya a waje.

Kafin ka rubuta ko da kalma ɗaya, ka shiga wurin saituna ka gyara tsaro. Ka sa kalmar sirri mai tsawo wadda ba ka amfani da ita a wani wuri, sannan ka kunna tabbatarwa mai hawa biyu, wato a riƙa neman wata lamba ta daban bayan kalmar sirri a duk lokacin da aka so shiga shafinka daga sabuwar na'ura. Tun watan Maris na 2023 dandalin X ya keɓe turo wannan lamba ta saƙon tes ga masu biyan kuɗi, amma kowa na iya amfani da manhajar samar da lambobin tsaro kyauta, kuma ita ce ma ta fi aminci. A wurin saitunan ne kuma za ka hana a gano shafinka ta lambar wayarka idan ba ka so, ka taƙaita waɗanda za su iya aiko maka saƙon sirri, ka kuma kashe bidiyon da ke kunna kansa, wanda shi ne ya fi cinye data.

Daga nan sai babban aiki, wato zaɓen waɗanda za ka bi. A ganina wannan ya fi rubutu muhimmanci a makonnin farko, domin mutum biyu za su iya shiga dandali ɗaya a rana ɗaya, ɗaya ya fito da ilimi da labarai, ɗayan ya fito da ɓacin rai, alhali bambancinsu kawai waɗanda suka bi ne. Ka fara da shafuka 30 zuwa 50: kafofin labarai da ka riga ka yarda da su, masana a fannin sana'arka ko karatunka, hukumomin da sanarwarsu ta shafe ka, da 'yan mutanen da ka sani. Hanya mai kyau ta samun ƙari ita ce ka duba waɗanda mutumin da kake girmama ra'ayinsa yake bi. Idan ka bi wani ka ga ba ka ƙaruwa da shi, ka daina bin sa ba tare da jin nauyi ba. Manhajar ba ta sanar da shi.

Shafin farko na manhajar ya kasu biyu, kuma sabon shiga ba kasafai yake lura ba. Ɓangaren da aka rubuta wa "For You" na'ura ce ke zaɓo masa saƙonni, tana duba abin da ka tsaya a kansa, da abin da ka so, da abin da ka amsa, sai ta ƙaro maka irinsa, har daga mutanen da ba ka taɓa bi ba. Ɓangaren "Following" kuwa na waɗanda ka zaɓa da hannunka ne. Abin lura a nan shi ne na'urar ba ta bambance abin da ya faranta maka da abin da ya fusata ka, lokacin da ka ɓata a kai da martanin da ka mayar duk tana ƙirga su. Idan ka tsaya kana karanta rigima kana mayar da martani, gobe rigima za ta kawo maka, jibi ma haka. Don haka ya fi kyau sabon shiga ya zauna a ɓangare na biyu har sai ya san gari. Idan shafukan da kake bi suka yi yawa, akwai damar haɗa su rukuni-rukuni, na wasanni daban, na kimiyya daban, ka riƙa buɗe wanda kake buƙata.

A ƙarƙashin kowane saƙo akwai ƙananan alamomi. Ta farko ta ba da amsa ce. Mai kibiyoyi biyu ta sake wallafawa ce, wato ka tura saƙon wani ga mabiyanka kamar yadda yake, ko kuma ka ɗora tsokacinka a kansa. Mai siffar zuciya ta nuna so ce, sannan akwai ta adana saƙo domin ka dawo masa daga baya, wadda babu mai ganin abin da ka ajiye da ita. Sake wallafawa ita ce ta fi buƙatar taka-tsantsan, saboda duk da wasu kan rubuta a shafinsu cewa yaɗa saƙo ba amincewa da shi ba ne, mabiyanka daga hannunka suka karɓa, kuma da sunanka za su tuna shi idan ya zama ƙarya.

Idan lokacin rubutu ya yi, iyakar saƙo ɗaya ga wanda ba ya biyan kuɗi harafi 280 ne, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. Da can 140 ne, saboda an gina dandalin ne a kan saƙon tes mai ɗaukar harafi 160, aka ware 20 domin sunan mai aikowa, sai a watan Nuwamban 2017 aka ninka shi. Adireshin intanet kowane iri, komai tsawonsa, ana ƙirga shi a matsayin harafi 23, kuma ana iya haɗa hotuna har huɗu a saƙo guda. Wannan ƙunci horo ne mai kyau: magana ɗaya a saƙo ɗaya, muhimmin abu a jimlar farko, a zubar da dogon share fage. Idan zancen ya fi ƙarfin saƙo guda, akwai alamar ƙari da ke ba ka damar jera saƙonni a haɗe kamar sarƙa, sai dai ka tabbata kowannensu zai iya tsayuwa da ƙafarsa, domin sau da yawa guda ɗaya ake tsinkowa a yaɗa. Ka sake karantawa kafin ka latsa maɓallin aikawa, saboda gyaran saƙo bayan ya fita na masu biyan kuɗi ne, saura kuwa sai dai su goge su sake.

Gogewar ma ba ta da tabbas. Wani na iya ɗaukar hoton saƙonka cikin daƙiƙa kaɗan, kuma ya ishe ka misali cewa babban ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya yi ta adana duk saƙonnin da aka wallafa a fili a dandalin har zuwa ƙarshen 2017. Magana zarar bunu ce tun kafin a ƙirƙiro intanet, sai dai yanzu bunun yana da rumbun ajiya. Masu ɗaukar ma'aikata da abokan hulɗa kan duba tsofaffin saƙonnin mutum, don haka abin da ba za ka iya faɗa a gaban taro ba, kada ka rubuta shi.

Alamar # da ake sawa a gaban kalma tana mayar da ita maudu'i, wanda idan aka latsa shi zai fito da sauran saƙonnin da ke ɗauke da shi. Wani mai amfani da dandalin, Chris Messina, shi ne ya kawo shawararta a watan Agustan 2007, kamfanin ya rungume ta daga baya. Ba ta yarda da tazara ko alamar rubutu ba, saboda haka kalmar da ke da 'yar waƙafin sama, irin su jama'a ko sana'a, za ta yanke a daidai wurin, abin da mai rubutu da Hausa ya kamata ya kiyaye. Maudu'i ɗaya ko biyu ya isa; cika saƙo da su alama ce ta mai talla.

Sai batun shuɗiyar alamar da ke gefen wasu sunaye, wadda ke yaudarar mutane da dama. A da tana nufin kamfanin ya tantance cewa shafin na fitaccen mutumin nan ne da gaske. Tun watan Afrilun 2023 aka cire na tsohon tsari, yanzu galibi tana nuna cewa mai shafin yana biyan kuɗin wata-wata ne. Mai ruwan zinare ta kamfanoni da ƙungiyoyi ce, mai ruwan toka kuma ta gwamnatoci da jami'ansu. Don haka idan ka ga labari mai tayar da hankali, kada alamar ta ishe ka hujja. Ka duba sunan @ harafi bayan harafi, ka duba shekarar da aka buɗe shafin, ka duba ranar da aka wallafa saƙon, domin tsohon bidiyo kan dawo ɗauke da sabon labari, sannan ka nemi ko wata kafa da ka yarda da ita ta kawo shi. Wani lokaci za ka ga ƙarin bayani a ƙarƙashin saƙo wanda sauran masu amfani da dandalin suka rubuta don gyara kuskure. Yana taimakawa, amma yakan makara, kuma rashinsa ba ya nufin saƙon gaskiya ne. Ko shafi na ainihi ma ana iya sace shi: a watan Yulin 2020 masu kutse sun shiga shafukan Barack Obama da Bill Gates da Elon Musk da wasu, suka wallafa cewa duk wanda ya aiko da kuɗin Bitcoin za a ninka masa. Duk saƙon da ya yi alƙawarin ninka kuɗi, ko ya ce za a rufe shafinka idan ba ka latsa wani adireshi ka shigar da kalmar sirri ba, damfara ce.

Ba za ka daɗe ba za ka gamu da mai zagi ko mai neman rigima. Amsa masa ƙara masa kasuwa ne, tunda kowace amsa tana sa na'urar ta nuna saƙonsa ga ƙarin mutane. Akwai makamai uku. Kana iya yi masa shiru, wato ka daina ganin saƙonninsa ba tare da ya sani ba, kuma irin wannan shirun ana iya yi wa kalma ko maudu'i gaba ɗaya. Kana iya toshe shi, ya kasa bin ka ko amsa maka, ko da yake tun ƙarshen 2024 wanda aka toshe yana iya karanta saƙonnin da aka wallafa a fili. Idan kuwa abin ya kai ga barazana ko sojan gona da sunanka, sai ka kai ƙara ta maɓallin da ke gefen saƙon. Tun kafin ka wallafa ma kana iya zaɓar waɗanda za su iya ba da amsa.

Game da tara mabiya, sabon shafi kan yi makonni yana magana kamar babu mai ji, kuma wannan ba laifin mai shi ba ne. Abin da ke jawo mutane shi ne amsa mai ma'ana a ƙarƙashin saƙonnin waɗanda suka riga ka, da tsayawa a kan fanni ɗaya ko biyu da ka sani sosai. Sayen mabiya asarar kuɗi ce, domin shafukan bogi ne da ba sa karatu, kuma ya saɓa wa ƙa'idar dandalin har yana iya jawo a dakatar da kai.

Idan X bai kwanta maka ba, abin da ka koya zai yi maka aiki a sauran. Threads na kamfanin Meta, wanda ya fito a watan Yulin 2023, yana ɗaukar harafi 500 kuma yana da alaƙa da Instagram. Bluesky yana ɗaukar 300, an kuma buɗe shi ga kowa a watan Fabrairun 2024. Mastodon, wanda Eugen Rochko ya ƙirƙiro a Jamus a 2016, ya bambanta da su domin ba kamfani ɗaya ke riƙe da shi ba, sai ka zaɓi ɗaya daga cikin rassa masu zaman kansu, kowane da dokokinsa, amma galibinsu suna magana da juna. Wanda kuma ya yanke shawarar barin X, ya fara neman kwafin duk abin da ya taɓa wallafawa daga wurin saituna, sannan ya dakatar da shafin. Yana da kwana 30 da zai iya dawowa ta hanyar shiga da kalmar sirrinsa, bayan haka sai a goge shafin, sunansa na @ kuma ya fita daga hannunsa.