Takardar haihuwa da fassararta: yadda ake shirya su kafin neman bizar zama

Bizar yawon buɗe ido ba kasafai ake tambayar takardar haihuwa a kanta ba, amma bizar zama daban ce. Idan mata za ta bi mijinta, ko uba zai ɗauko 'ya'yansa, ko mutum zai koma wata ƙasa da aiki, jami'in biza yana so ya ga wane ne ya haife ka, a ina, kuma yaushe. Yawancin jinkirin da ake samu yana farowa ne daga ita kanta takardar da aka kai wa mai fassara, don haka daga nan za a fara.

A Najeriya, Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, wato NPC, ita ce doka mai lamba 69 ta 1992 ta ɗora wa alhakin rajistar haihuwa, kuma dokar ta ce a yi rajistar jariri cikin kwana 60. Katin da asibiti ke ba mai jego ba takardar haihuwa ba ce, shaida ce kawai ta cewa an haihu a can. Haka takardar asalin ƙaramar hukuma: tana nuna inda ka fito, ba ranar da aka haife ka ba. Wanda ya girma ba a yi masa rajista ba, takarda biyu yake buƙata. Ta farko ita ce rantsuwar shekaru a Babbar Kotu, kuma ya fi kyau uba ko uwa ko wani babba a dangi da ya san haihuwar ya rantse, domin mutum ba ya shaidar ranar haihuwar kansa. Ta biyu ita ce wasiƙar NPC mai ɗauke da taken Attestation of Birth, wadda ake bayarwa bisa wannan rantsuwa. Tare ake miƙa su. Ana iya neman wasiƙar ta shafin hukumar na intanet da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN.

A Nijar takardar tana fitowa daga ofishin magajin gari da Faransanci. Ka nemi cikakken kwafi, wanda suke kira copie intégrale, don taƙaitaccen ba ya ɗauke da dukkan bayanai. Wanda lokacin rajista ya wuce shi sai ya bi ta kotu, alƙali ya yanke hukuncin da zai tsaya a madadin rajistar.

Kafin ka biya ko sisi a kan hatimi ko fassara, ka shimfiɗa fasfo da takardar NIN da takardar haihuwa da ta aure da sakamakon makaranta a tebur ɗaya, ka bi su harafi bayan harafi. A nan Hausawa suka fi shan wahala, saboda yadda muke sa suna bai dace da gurbin sunan iyali da ke fom ɗin Turawa ba. Mutum ɗaya zai zama Muhammad a fasfo, Mohammed a takardar sakandare, Mahamadou in a Maraɗi aka rubuta. Wani ya yi firamare da sunan mahaifinsa, ya shiga jami'a da sunan garinsu, ya yi fasfo da sunan kakansa. Mace ta ɗauki sunan miji a fasfo, takardar haihuwarta kuwa da sunan uba. A gida kowa ya san mutum ɗaya ne. Jami'in da ke duba fayil bai sani ba, kuma ba zai yi zato don ya taimake ka ba.

Ranar haihuwa ta fi suna haɗari. Da yawa an rubuta musu 1 ga Janairu saboda ba a san ainihin ranar ba, wasu kuma an rage musu shekara a lokacin jarrabawa. Idan ranaku sun saɓa, ka gyara a tushe: NIMC, hukumar da ke ba da lambar NIN, don bayanan NIN, Hukumar Shige da Fice don fasfo. Bambancin rubutun suna ana rufe shi da rantsuwar kotu da sanarwa a jarida. Kada ka goge, kada ka ƙara harafi da biro, kada ka bar wani ɗan kamasho ya haɗa maka sabuwa a bayan ofis. Takardar jabu tana iya jawo haramcin shiga Birtaniya na shekara 10, a Amurka kuma haramcin na iya zama na har abada.

Sai tantancewa. Ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Hague ta 1961 suna amfani da hatimi guda, afostil. Najeriya ba ta ciki, saboda haka hanyarta mai hawa biyu ce: Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja ta buga hatiminta, sannan ofishin jakadancin ƙasar da za ka ya buga nasa. Ba kowace ƙasa ke neman wannan ba. Jamus ma ba ta buga wa takardun Najeriya hatimi, bincike take sa a yi: lauyoyin da ta amince da su kan je ofishin da ya ba da takardar, su je makarantar da ka yi, su tambayi dangi. Kai za ka biya kuɗin, kuma yakan ɗauki watanni, don haka adireshin da ka ba su ya zama wanda za a iya samu, da kwatance. Wani abu ƙarami mai ɓata aiki shi ne liƙe takarda a roba da na'ura mai zafi. Hatimi ba ya kama roba, kuma ba a iya taɓa tambarin asali, sai a ce ka koma ka karɓo wata. Jakar fayil ta isa.

Fassara ita ce ta ƙarshe, domin hatiman da aka buga ma sai an fassara su. Wanda ya fara da fassara sau biyu zai biya.

Ɗan Najeriya mai zuwa Birtaniya ko Amurka ba ya buƙatar fassara takardar NPC, tunda da Turanci take. Amma takardar aure ta kotun shari'a da aka cike da Hausa ko Larabci sai an fassara ta, haka ma takardun Nijar. Birtaniya tana so fassarar ta ƙunshi shaidar mai fassara cewa daidai take da asali, da kwanan wata, da cikakken sunansa da sa hannunsa, da yadda za a tuntuɓe shi. Amurka tana so ya rubuta cewa ya ƙware a harsunan biyu kuma fassarar cikakkiya ce. Faransa da Jamus da Sifaniya suna aiki da masu fassara da suka yi rantsuwa a hukumance. A Faransa sunayensu suna cikin jerin kotunan ɗaukaka ƙara. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa kan nemi fassarar Larabci daga mai lasisin Ma'aikatar Shari'arta. Ka duba jerin buƙatun ofishin jakadancin kafin ka zaɓi mai fassara, don malamin Faransanci na unguwa, komai iyawarsa, hatiminsa ba zai karɓu a inda ake neman rantsattse ba.

Ka ba mai fassara kwafin shafin fasfonka, ya rubuta sunaye kamar yadda suke a ciki, musamman idan daga Larabci ake juyowa. Ya fassara gaba da baya, har rubutun gefe, inda bai karantu ba ya rubuta cewa bai karantu ba. Aikinsa ba gyara ba ne: in asali ya yi kuskure, fassara ma haka za ta nuna. Ka lura da kwanan wata, domin 03/04 a wurinmu 3 ga Afrilu ne, a Amurka kuwa 4 ga Maris, shi ya sa ya fi kyau a rubuta sunan watan da haruffa.

Idan rajistar ta makara da shekaru, ka haɗa da tsofaffin hujjoji: katin rigakafi, takardar gama firamare, katin asibitin haihuwa. Wasu ofisoshin kuma suna so kwafin da hukuma ta bayar ya zama sabo, na cikin wata uku ko shida, saboda haka ka tambayi wa'adin kafin ka karɓo, ka daidaita shi da ranar ganawarka. Ranar miƙawa ka tafi da asali da fotokwafi biyu na kowace takarda da fassararta, ka kuma ajiye hotonsu a waya.