Kurakuran da aka fi yi wajen tsara gonar shinkafa da taswirar tauraron ɗan'adam

Yanzu mutum yana zaune a cikin birnin Kano sai ya buɗe taswira a waya, ya zaɓi fili a Kura ko Bunkure, ya fara lissafin buhuna. Taswirar tana da amfani, amma akwai wuraren da ake yawan tuntuɓe.

Babba a ciki shi ne ganin kore a hoto a ce shinkafa ce. Hotunan tauraron ɗan'adam mai suna Sentinel-2 kyauta ne, kowane ɗigo a hoton fili ne mai mita 10 tsawo da faɗi, sai dai rake da masara da kacallar da ta toshe magudana duk kore suke fitowa. Ana gane shinkafa ne da ruwan da ke kwance lokacin dashe, kafin koren ya rufe shi. Don haka a jera hotunan watanni a kwatanta, kada a tsaya kan guda. A Agusta kuwa gajimare kan rufe komai, sai a koma ga tauraron Sentinel-1, mai aiki da na'urar rada (radar), wanda gajimare ba ya tare shi.

A duba kwanan watan hoto. Na Google Earth kan yi shekaru, har fadamar da ka gani ta zama unguwa.

Sai batun ruwa, inda asara ta fi yawa. Ganin fili kusa da hanyar ruwan Dam ɗin Tiga ba ya nufin ruwan zai iso shi da rani. Masu gona a ƙarshen layi sun san wannan: na sama su sha, su kuma su jira, ko su ƙone kuɗi a man injin ban-ruwa. A haɗa taswirar gangare, sannan a je a tona. Jiƙa ƙasar ka murza a hannu. In ta dunƙule laka ce mai riƙe ruwa, in ta warwatse jigawa ce, gero da gyaɗa suka fi dacewa da ita.

Burtali ma ba kasafai yake fitowa a hoto ba. A zauna da dagaci da makiyaya tun kafin a ja layi, ba sai shanu sun shiga ba.

Awo kuma, a daina haɗa eka da hekta. Hekta ɗaya ta kai kusan eka biyu da rabi, wanda ya rikita su takinsa ba zai isa ba. A kunna GPS, na'urar nuna wuri, a zagaya iyakar gona da ƙafa, a maimaita, domin na waya kan kauce da 'yan mitoci.