Kurakuran da Ake Yi Wajen Shigar da Sola Cikin Dokokin Gini

Kuskuren da ya fi yawa, kuma ya fi cin kuɗi, shi ne a bar maganar sola sai an gama gini. Kafinta ya buga rufi, birkila ya shafe bango, sannan a kira mai haɗa sola ya zo ya tarar da tankin ruwa ya tare rana, katakon rufi ba zai ɗauki nauyin faifan sola ba, kuma babu inda waya za ta bi sai an fasa bango. Maganin wannan yana hannun hukumar da ke ba da izinin gini: kada ta sa hannu a zane sai ta ga gurbin faifai, da hanyar waya, da ɗakin batir mai shan iska. Jihar Kalifoniya ta Amurka tun daga matakin izini ta kama lamarin, inda ta wajabta sola a yawancin sababbin gidaje daga 2020.

Akwai kuma gwamnatocin da ke ba da tallafin faifai ba tare da sun dubi ginin kansa ba. Gidan da zafi ke ratsa rufinsa da tagoginsa, duk wutar da aka samu a na'urar sanyaya ɗaki za ta ƙare, don haka ya kamata a gindaya sharaɗin inuwa da abin tare zafi kafin a saki tallafi.

Abin da ya fi damuna shi ne dokar da ake kafawa ba a tanadi yadda jama'a za su iya bin ta ba. A 2012 Kenya ta wajabta wa gine-ginen da ke amfani da ruwan zafi fiye da lita 100 a rana su kafa na'urar dumama ruwa da rana, amma masu gidaje suka koka da tsada da nauyin tara, har majalisa ta soke dokar a 2018. Da rance mai sauƙi da horar da ma'aikata ake farawa, tara ta biyo baya.

Sai sauya magana bayan mutane sun zuba jari. Daga 2010 Sifaniya ta zaftare tallafin sola da ta yi alkawari, masu jari suka yi ta maka ta a gaban kotunan sasanci. Dokar Jamus ta 2000 kuwa ta ba masu sayar da wutar sola tabbacin farashi na shekara 20. Idan rage tallafi ya zama dole, a sanar da jadawalinsa tun da wuri, kuma ya shafi sababbin ayyuka kaɗai.