Kurakuran da aka fi yi wajen yaƙar tsutsar ganyen zogale

Tsutsar da ta fi addabar zogale a Nijar da Sudan, masana suna kiran ta Noorda blitealis. Uwarta wani ɗan malam-buɗe-littafi ne mai tashi da dare, yana zuba ƙwai a kan sabon toho. Cikin 'yan kwanaki ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsar ta saƙa zare ta manne ganye, ta riƙa kankare shi har ya koma kamar busasshiyar takarda.

Babban kuskure shi ne jira sai an ga itace ya yi tsirara. A lokacin tsutsar ta ƙoshi, ta sauka ta shige ƙasa ta yi kwanci kafin ta rikiɗe ta zama malam-buɗe-littafi, feshin da za a yi asarar kuɗi ne kawai. A riƙa zagaya gona sau 2 a mako, ana juya ganyen toho ana duba bayansa. In aka girgiza reshe aka ga tsutsa tana lilo a jikin zare, lokacin aiki ya yi.

Wanda ya fi muni shi ne fesa maganin auduga ko na wake a zogale, sannan a tsinki ganyen a kai kasuwa. Ganyen nan fa shi za a yi kwaɗo yara su ci! Maganin kuma yana kashe gizo-gizo da rina masu cin tsutsar, sai ta dawo ba mai tare ta.

'Ya'yan darbejiya sun wadatar in an haɗa daidai: a daka rabin kilo na busassun 'ya'ya, a jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana, a tace da ƙyalle don kada bakin injin feshi ya toshe, a narka ɗan sabulu a ciki ya kama ganye. Da yamma ake fesawa, domin rana tana kashe ƙarfinsa, kuma a jiƙa bayan ganye sosai. Masu cewa bai yi aiki ba galibi sau ɗaya suka fesa. Ba ya kashewa nan take, hana tsutsar ci da girma yake yi, shi ya sa ake maimaitawa duk mako.

Ana kuma mantawa da gindin itace. A nome ƙasar sama-sama, rana da kaji su gama da masu kwanci, rassan da aka datse kuwa a fitar da su daga gona a ƙone.