Yadda ake zaɓen taga mai gilashi biyu ba tare da an yi maka wayo ba

Shekarar da muka tare a gidan da muke ciki a Manchesta, sanyin farko da ya same mu a ciki, kullum da asuba kafin in yi alwala sai na ɗauki tsumma na bi tagogi ina gogewa, ruwa ne yake tsiyaya a jikin gilashi kamar an watsa, har ya taru a kan katakon ƙasa ya sa masa baƙar fumfuna. Hita tana aiki, kuɗin gas yana tafiya, amma in ka zauna kusa da taga sai ka ji sanyi yana sukar ƙeyarka. Tsofaffin tagogi ne masu gilashi ɗaya. Toh daga nan na shiga neman abin da turawa ke kira dabul gilezin, wato taga mai gilashi biyu, kuma wallahi na sha zagaye kafin na gane kan abin, shi ya sa na ce bari in rubuta yadda ake bi, ko don ƴan uwa da ke nan ƙasashen sanyi, ko don masu gini a gida da yanzu suka fara tambayata a kai.

Abin ba wani sihiri ba ne. Gilashi biyu ne aka haɗa da ɗan fili a tsakaninsu, aka liƙe gefe gefe yadda iska ba ta shiga ba ta fita. Ka san kular abinci? Ka zuba shinkafa da zafinta ta kai la'asar, ka zuba ƙanƙara ita ma ta daɗe ba ta narke ba. Haka tagar take, ba ta kawo zafi ba ta kawo sanyi, hana su wucewa kawai take yi.

Mataki na 1: ka san da wa kake faɗa

Kafin ka kira kowa ka zauna ka tambayi kanka, me ke damuna a ɗakin nan? Sanyi ne, ko zafin rana, ko ƙarar titi? Saboda kowanne da gilashinsa, kuma a nan ne mutane da yawa suke yin asarar kuɗi. Wanda yake Ingila so yake zafin hita ya zauna a ciki, in rana ta ɗan leƙo ma maraba yake da ita. Wanda yake Kano ko Sakkwato a watan Afrilu da zafi ke wuce digiri 40, ranar ce abokiyar gabarsa, in ya sayo irin gilashin da aka yi don Manchesta ya kafa a tagar da ke kallon yamma toh ya haɗa wa kansa tanda ne da kuɗinsa.

Kuma bari in faɗi gaskiya ko da ba za ta yi daɗi ba, in gidanka ba AC, tagogi a buɗe suke wuni guda don a sha iska, kar ka wahalar da aljihunka. Tagar da take buɗe ko gilashi goma ne da ita ba abin da take tarewa. Gara ka sa kuɗin a rumfa, ko baranda, ko silin mai kyau, ko ka shuka darbejiya ta yi wa bangon inuwa.

Mataki na 2: gilashin kansa

A takardar farashi za ka ga an rubuta wani abu kamar 4-16-4 ko 4-20-4. Ma'anarsa gilashi mai kaurin milimita 4, sai fili milimita 16 ko 20, sai wani gilashin milimita 4. Kenan duka kaurin ya zama 24 ko 28. Filin tsakiyar nan shi ne mai aikin. In ya yi ƙanƙanta kamar milimita 6 zafi yana tsallakewa da sauƙi, in kuma ya wuce 20 iskar ciki sai ta fara juyawa tana ɗaukar zafi daga wannan gilashi zuwa wancan, ba wata ƙaruwa. Wajen 16 ɗin nan shi ne daidai.

Sannan me aka cika a filin? Na da iska ce kawai busasshiya, na yanzu ana ɗura iskar argon, ta fi iskar da muke shaƙa nauyi kuma ba ta kai ta wuce da zafi ba, ba ta da wari ba ta da guba ko da gilashin ya fashe. Akwai kiripton ma amma tsada gare ta, sai inda fili ya yi kaɗan ake sa ta, ni ban ga dalilin da mai gida irina zai biya ba.

Amma abin da ya fi argon ɗin ma muhimmanci shi ne wani shafi siriri na ƙarfe da ake yi wa fuska ɗaya ta gilashin, ido ba ya ganinsa, a takarda suna rubuta shi Low-E. Aikinsa mayar da zafi inda ya fito. Kamfanoni irin su Pilkington da Saint-Gobain da Guardian duk suna yi, za ka ji sunaye kamar K Glass ko Planitherm. Toh ga inda nake so ka buɗe kunne. Gilashi biyu fuska huɗu gare su, ana ƙirgawa daga waje, ta 1 ita ce wadda ruwan sama ke duka, ta 4 ita ce wadda yara ke shafa wa maiƙo a cikin ɗaki, ta 2 da ta 3 su ne ke kallon juna a tsakiya. A ƙasar sanyi yawanci shafin yana kan fuska ta 3. A ƙasar zafi kuwa shafin tare rana ake so, kuma a fuska ta 2 yake zama don ya kori zafin tun daga bakin ƙofa. Ka ga kenan ko gilashin kirki ne, in mai kafawa ya juya shi ciki ya koma waje ya rage masa amfani, shi ya sa ake manna ƴar takarda a jiki da ke nuna gefen waje, ka duba kafin su ɓare ta.

Akwai wata dabara da wani dattijo mai kafa tagogi ya nuna min. Ka kunna ashana ko laita kusa da gilashin da daddare, za ka ga hoton wutar guda huɗu a jere. In akwai shafin, ɗaya daga cikinsu launinta zai bambanta da sauran, ta ɗan yi shuɗi shuɗi ko ruwan hoda. In duk huɗun iri ɗaya ne toh ka fara yin tambaya.

Lambobi biyu ne za ka riƙe. Lambar U tana nuna yawan zafin da ke tsallakewa, kuma ƙarama ita ce mai kyau. Gilashi ɗaya yana wajen 5.8, gilashi biyu na da mai iska kawai wajen 2.8, mai shafi da argon kuwa yana sauka wajen 1.1 ko 1.2. Sai dai ka tambaya, lambar ta tsakiyar gilashi ce ko ta duka tagar har da firem? Masu talla sun fi son faɗin ta tsakiyar don ta fi kyan gani. A Ingila tun watan Yunin 2022 doka ta ce tagar da za a canza kar lambarta ta wuce 1.4 duka da firem, ko kuma ta samu darajar B a jerin nan mai launi kamar na jikin firiji. Ɗayar kuma lambar g ce, tana nuna yawan zafin rana da ke shigowa, mai gini a gida ita zai fi sa wa ido, ya nemi ƙarama.

In ƙara ce matsalarka, ko titi ko janaretan maƙwabci, kar ka yarda da 4 da 4. Gilashi biyu masu kauri ɗaya tare suke rawa da sauti. A bambanta su, ɗaya 6 ɗaya 4, ko a sa ɗaya ya zama mai leda a tsakiya irin gilashin gaban mota, wannan ko an fasa shi ba ya zubewa, ɓarawo ma sai ya sha wuya. Ƙofofi kuwa da duk gilashin da ya sauko ƙasa da milimita 800 daga daɓe, a Ingila dole ne ya zama irin wannan ko kuma mai tauri wanda in ya fashe yake zama tsakuwa tsakuwa ba ya yanka. Ko ba doka, mai ƙananan yara ya kamata ya yi haka.

Sai ka leƙa gefen gilashin, akwai wata ƴar sanda da ta raba su, cikinta da wasu ƙwayoyi masu shanye laima. In ka ga tana ƙyalli toh alminiyom ce, kuma ta nan sanyi ke bi ya sa gefen gilashi gumi. Ka ce a sa maka ta roba, irin su Swisspacer ko Super Spacer, bambancin kuɗin ba shi da yawa.

Mataki na 3: firem

uPVC shi ne farar robar nan da ta cika gidajen Ingila. Ya fi araha, ba ya son fenti, ba ya ruɓewa, cikinsa ɗaki ɗaki ne na iska shi ya sa yake tare sanyi. Ni shi na sa. Aibinsa yana da kauri yana cin wurin gilashi, kuma mai arha a rana mai ƙarfi yakan yi ruwan ɗorawa ya bushe ya fara tsagewa, baƙi ko mai duhu kuma ya fi kumbura da zafi. Ka tambayi sunan kamfanin da ya yi robar, irin su Rehau ko Veka ko Deceuninck sanannu ne, in mutum ya kasa faɗa maka suna toh akwai magana.

Alminiyom siriri ne, ga ƙarfi ga kyau, shi ya fi dacewa da manyan tagogi. Amma yana wuce da zafi kusan sau dubu fiye da roba, don haka dole ya zama mai katangar roba a tsakiya wadda ta raba ɓangaren waje da na ciki. In babu ita, ka sayi gilashi mai tsada zafi kuma yana zagayowa ta firem, an yi ba a yi ba kenan. Yawancin alminiyom ɗin da ake yanka mana tagogi da shi a gida ba shi da wannan katangar, kuma ramin da ke jikinsa na gilashi ɗaya ne siriri, mai milimita 24 ba zai shiga ba. Ga nauyi kuma, 4 da 4 kilo 20 ne a kowace murabba'in mita, ƙananan tayoyin nan na taga mai turawa ba za su daɗe ba.

Katako ya fi duka kyau a ido kuma yana tare sanyi sosai, amma yana son fenti duk bayan wasu shekaru, ga tsada, a gida kuma sai ka yi shirin faɗa da gara. In gidanka a Ingila yana cikin tsofaffin gine ginen da hukuma ta kare, kar ka taɓa taga sai ka tambayi kansil, wato ƙaramar hukumar yankinku, wani lokaci sai dai ka bar ta waje yadda take ka ƙara wata ta ciki.

Yadda tagar ke buɗewa ma yana da tasiri. Mai buɗewa kamar ƙofa tana matse roba in ka rufe, ita ce ta fi tare iska da ƙurar hunturu. Mai turawa gefe buroshi ne kawai a tsakani, ƙura na bi. Kuma ɗakunan kwana na sama a bar taga ɗaya da mutum zai iya fita in gobara ta tashi, wannan magana ta shafi masu zagaye gida da ƙarfe ko ina ba mafita.

Mataki na 4: awo da masu kafawa

Ka kira mutum uku aƙalla su ba ka farashi a rubuce. Wani da ya zo mana ya zauna a falo sama da awa biyu, ya faɗi kuɗi na ce a'a, ya fita wai zai kira manaja, ya dawo ya zabtare kusan rabi da sharaɗin in sa hannu a daren. Na ba shi shayi na raka shi ƙofa. Duk wanda ya ce yau ko a fasa, ka bar shi a fasa.

Awo kuwa ka bar su su yi da kansu don in an samu kuskure ya zama nasu, tunda gilashin nan ba a rage shi bayan an haɗa. Amma ka tsaya ka gani, ana auna faɗi a wuri uku, sama da tsakiya da ƙasa, a ɗauki mafi ƙanƙanta a cire kamar milimita 10. A Ingila da Wales ka tabbata mai aikin yana da rajista da FENSA ko Certass, wato ƙungiyoyin da ke tabbatar da aikin masu kafa tagogi ya bi dokar gini, za su aiko maka da satifiket, ka adana shi tare da takardun gida don ranar sayarwa lauyan mai saye sai ya tambaya. Garanti yawanci shekara 10 ne, ka tambaya ko akwai inshora a bayansa in kamfanin ya rufe. Za su kuma ce sai an sa ƴar kafar shan iska a saman firem, kar ka yi musu, gidan da aka toshe ruf ga girki ga shanya a ciki fumfuna ce za ta biyo baya.

Mataki na 5: kafin ka biya cikon kuɗi

Ka bi tagogin ɗaya bayan ɗaya, ka buɗe ka rufe ka kulle. Ka sa takarda a bakin taga ka rufe a kanta sannan ka ja, in ta zare salin alin robar ba ta matse ba, su gyara. Ka zagaya waje ka duba silikon, wato danƙon da aka liƙe tsakanin firem da bango da shi, ko akwai inda aka tsallake, ka duba ƙananan ramukan da ruwa ke fita a ƙasan firem kar a ce an toshe su.

Bayan an kwana biyu za ka iya tashi da safe ka ga raɓa a jikin gilashin ta waje, kar hankalinka ya tashi, alama ce zafin ɗaki ba ya fita. In ta ciki ce, laima ta yi yawa a ɗakin, ka buɗe kafar iska. Wadda ke tsakanin gilashin biyu inda tsumma ba ya kaiwa ita ce matsala, liƙin ya buɗe kenan, kuma ba sai an cire firem ba, gilashin kawai ake canzawa. Namu na kicin ya yi haka a shekara ta uku, na ɗauki hoto na tura musu da lambar garanti, suka zo suka auna, bayan sati biyu suka sa sabo cikin minti 20.